Yadda Ido Ke Sabo: Daga Daƙiƙa Goma Zuwa Wata Uku

Kwana uku da yi wa gwaggona aikin yanar ido, na je gaishe ta da hantsi, na tarar da ita zaune a bakin ƙofar ɗakinta ta ƙura wa igiyar shanya ido. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta nuna mini igiyar da haɓa.

"Kai ɗan nan, dubi abin da yaran nan suka yi wa fararen kayana. Bular duniya suka juye a ciki?"

Na duba. Farin mayafi ne da zannuwan gado biyu, fes da su, babu alamar bula. Jikarta da ta yi wankin ta rantse ko ƙulli ɗaya na bula babu a gidan. Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce ai ba kayan kaɗai ba, har bangon da aka shafa wa farar ƙasa ya koma shuɗi-shuɗi, sararin sama kuwa kamar an tsoma shi a marina. Daga nan ta rage murya ta tambaye ni ko dai aikin ne bai yi kyau ba.

Aikin ya yi kyau. Abin da ya same ta sananne ne ga likitocin ido, sai dai ba wanda ya zauna ya gaya mata kafin a sallame ta, kuma wannan ya dame ni, domin tsohuwa ta yi kwana da kwanaki cikin fargaba a kan abin da magana biyu za ta warware. A cikin kowane ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske. Yayin da shekaru ke tafiya madubin nan yana rinewa, ya yi rawaya-rawaya, wani lokaci har ya kai launin ruwan shayi, sai ya riƙa tare shuɗin haske yana hana shi wucewa. Da yake rinewar a hankali take zuwa, shekara bisa shekara, ƙwaƙwalwa tana bin ta tana gyarawa, tana ƙara wa ɗan shuɗin da ya samu wucewa ƙarfi domin fari ya ci gaba da zama fari. Rana ɗaya likita ya cire tsohon madubin ya sa na roba mai tsabta. Shuɗi ya kwararo ba shamaki, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana nan tana ƙara masa ƙarfi kamar yadda ta saba.

Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Peter Delahunt da John Werner da abokan aikinsu, sun auna wannan sun wallafa a 2004. Suka riƙa sa waɗanda aka yi wa aikin yana su daidaita launin wani haske har sai ya zame musu fari tas, kafin aiki da kuma bayansa. Washegarin aiki "farin" nasu ya yi tsalle ya bar inda yake. Daga nan ya fara komowa sannu a hankali, bai kuma natsu ba sai bayan kusan wata uku. Mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, wanda aka yi wa aikin yana a idon dama a 1923, shi ma ya yi ta kukan cewa launuka sun rikice masa, shuɗi ya mamaye komai.

Wata uku. Tun daga ranar nake juya wannan adadi a raina, domin sabon ido da muka sani, irin na fitowa daga ɗaki zuwa rana, ƙiftawa kaɗan ne. Ashe ido ba agogo ɗaya gare shi ba. Wani gyaran yana ƙarewa kafin ka sauke numfashi, wani sai an sha shayi an tashi, wani kuwa sai wata ya tsaya sau uku.

Sikelin mahauci

Hanya mafi sauƙi da na samu ta fahimtar lamarin ita ce tsayawa gaban mai auna nama ko kifi. Zai ɗora kwano a kan sikeli, ya murɗa ɗan kunnen nan har allura ta koma sifili, domin abin da yake son sani nauyin nama ne, ban da na kwano. To ɗauke kwanon ka gani. Allura za ta faɗa ƙasa da sifili, ta nuna nauyin da babu shi, kuma ta ɓangaren da ya saɓa. Sikelin lafiyarsa lau, an dai saita shi ne a kan wani hali da ya riga ya wuce.

Haka ido da ƙwaƙwalwa suke yi dare da rana. Duk abin da ya daɗe a gabansu bai sauya ba, haske ne ko launi ko motsi, sai su mayar da shi sifili domin su samu damar lura da sabon abu. Idan aka janye abin nan farat ɗaya, sai allura ta faɗa ɗaya ɓangaren na ɗan lokaci. Wannan faɗawar ce zan riƙa kira ragowar gani. Ka ƙura wa jan kyalle ido na rabin minti ka juya ga farin bango, za ka ga siffarsa cikin tsanwa mai shuɗi-shuɗi. Ka dubi rawaya, shuɗi zai biyo baya.

Tsohon sani ne. Ibnul Haisam, malamin nan haifaffen Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekarun 1011 zuwa 1021, ya lura cewa wanda ya daɗe yana kallon abu mai tsananin haske, idan ya juya ga wuri mai duhu, siffar abin tana biyo shi ta ɗan jima kafin ta gushe. Ya kafa hujja da wannan cewa haske ne ke shiga ido ya yi masa tasiri, saɓanin masu cewa ido ne ke harba wani haske waje ya taɓo abubuwa. A 1804 wani likita ɗan Siwizalan, Ignaz Troxler, ya nuna ɗaya fuskar: idan ka kafe ido a kan ɗigo ɗaya ba motsi, abubuwan da ke gefe marasa kaifin iyaka sai su dusashe su ɓace. A gaban ƙwayoyin da ke karɓar haske a cikin idonka akwai jijiyoyin jini shimfiɗe kamar rassan bishiya, inuwarsu tana faɗawa a kan ganinka tun ranar da aka haife ka. Ba ka ganin ta, domin ba ta taɓa gusawa ba.

Minti talatin na duhu

Wanda ya fi kowa sanin agogo na biyu shi ne wanda aka ɗauke wa wuta yana tsakar gida da dare. Daƙiƙun farko baƙi ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani. Can sai bakin rijiya ya fito, sai turmi, sai layin katanga. Idan ka daure ba ka taɓa waya ba, bayan rabin awa za ka iya ƙirga takalman da ke bakin tabarma, sama kuma ta cika da taurarin da ɗazu babu su.

Mutane da yawa suna zaton buɗewar ƙofar baƙin ido ce ke yin wannan aiki. Tana taimakawa, amma kaɗan. Faɗinta yana tashi ne daga wajen milimita 2 zuwa 8, wato ta ƙara hasken da ke shiga ninki 16 idan ta yi ƙoƙari, alhali tsakanin rana tsaka da daren da babu wata bambancin haske ya haura ninki miliyan ɗari. Babban aikin yana can ƙuryar ido, a tantanin da ake kira ritina. A nan akwai ƙwayoyi iri biyu. Masu siffar mazurari, kimanin miliyan 5, su ne na rana, su ke ganin launi da ƙananan rubutu. Masu siffar sanda, sama da miliyan 90, su ne na dare. Idan duhu ya faɗo, na rana ne ke fara gyara zama, cikin minti 5 zuwa 10 sun kai iyakarsu. Daga nan na dare su karɓa, su yi ta ƙara kaifi har minti 30 zuwa 40.

Dalilin jinkirin sinadari ne. A cikin ƙwayoyin dare akwai wani abu mai launin ja-ja da ake kira rodofsin, wanda haske ke kashe wa launi, sai an sake haɗa shi kafin ya ƙara aiki. Franz Boll ne ya fara ganin haka a idon kwaɗo a 1876. Ba da jimawa ba Wilhelm Kühne a Heidelberg ya kai lamarin inda ya ba mutane mamaki: ya sa zomo ya fuskanci taga mai sanduna, ya ciro ritinarsa, sai ga hoton tagar kwance a kanta kamar a fim ɗin kyamara. A 1933 George Wald ya gano bitamin A a cikin ritina, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1967.

A nan kimiyyar ta shigo gidajenmu, domin ciwon da muke kira dundumi, inda yaro ko mai ciki ke gani lafiya da rana amma da magariba ta yi sai laluben bango, sau da yawa ƙarancin bitamin A ne. Babu kayan da za a sake haɗa rodofsin da su, sai agogon ya tsaya. Shi ya sa hanta, manja, karas, zogale, mangwaro da ƙwai suke da muhimmanci a tukunya, shi ya sa kuma ake ɗiga wa yara bitamin A a lokutan rigakafi. Tsoffin likitocin Masar da na Girka sun yi maganin makantar dare da hanta tun ba a san sunan bitamin ba.

Abin da aka tara cikin rabin awa, kallo ɗaya na fuskar waya ko fitilar mota yana zubar da mafi yawansa. Fitowa daga duhu zuwa haske kuwa ba ta ɗaukar lokaci, cikin minti ɗaya ido ya daidaita. Kowane ido kuma da nasa lissafin. Idan ka tashi da dare za ka kunna fitila, rufe ido ɗaya da tafin hannu har ka gama ka kashe, sannan ka buɗe shi. Za ka ga wanda ka rufe yana ganin hanya, ɗayan kuwa kamar an liƙa masa baƙin kyalle. Jan haske bai cika taɓa ƙwayoyin dare ba, don haka masu nazarin taurari suke amfani da jar tocila, kuma tun 1916 Wilhelm Trendelenburg ya kawo jan tabarau domin likitocin hoton ƙashi su shirya idonsu kafin su shiga ɗakin duhu. A daren hunturu ka nemi Kaza da 'Ya'yanta a sama, ka kalle su kai tsaye, sannan ka ɗan kauda ido gefe kaɗan. Za su ƙara haske, domin tsakiyar ritina ba ta da ƙwayoyin dare.

Wannan agogon yana tsufa tare da mai shi. Ɗan shekara saba'in ya fi ɗan ashirin daɗewa kafin idonsa ya saba da duhu, ya kuma fi shi daɗewa kafin ya farfaɗo daga hasken fitilar motar da ta tunkaro shi. Duk direban da ke barin babbar fitila a kunne a fuskar na gabansa ya sani cewa makantar da ya jefa shi ciki ba ta ƙarewa da giftawar motoci. Tana bin sa zuwa gaba, inda mai keke ko ɗan akuya ko ramin titi ke jira.

Dutsen da ke hawa sama

A 1834 wani malamin kimiyya, Robert Addams, ya tsaya gaban magangarar ruwa ta Foyers a Sikotland, kusa da tafkin Loch Ness. Ya kalli ruwan da ke zubowa na ɗan lokaci, ya mayar da ido kan duwatsun gefe, sai ya ga suna tafiya sama. Aristotal ya ambaci irin wannan ga mai kallon kogi tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Wanda ya je Matsirga kusa da Kafanchan ko Gurara zai iya gwadawa, haka wanda ya tsaya kan gada a watan Agusta ya ƙura wa ruwa ido minti guda sannan ya dubi gaɓa. Abin mamakin shi ne dutsen yana tafiya amma bai bar inda yake ba. Kana ganin motsi ba tare da gusawa ba, alamar cewa ƙwaƙwalwa tana lissafa "ina yake" da "ina ya nufa" a wurare daban-daban.

A 1963 Horace Barlow da Richard Hill suka saurari ƙwayoyin jijiya a idon zomo, waɗanda kowace ke amsa motsi zuwa ɓangare ɗaya kawai. Da aka daɗe ana nuna wa ƙwaya motsin da take so, amsarta ta yi ta raguwa, da aka tsayar kuma sai ta yi ƙasa da yadda take a zaman hutu, ta ɗauki lokaci kafin ta dawo. Masu cewa "ƙasa" sun yi shiru, masu cewa "sama" suna nan da ɗan gunaguninsu na kullum, sai rinjaye ya koma gare su. Kwanon mahauci ke nan an ɗauke.

Ragowar motsi gajeriya ce, daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan kallon minti guda. Tsawonta yana ƙaruwa da tsawon kallo, amma ba kai da kai ba: sai ka ninka kallo kusan sau huɗu kafin ragowar ta ninka sau biyu. Akwai kuma wani abu da Adolf Wohlgemuth ya rubuta a 1911 wanda ya rushe bayanin nan mai sauƙi na cewa gajiya ce kawai. Idan ka gama kallon ruwan ka rufe ido har lokacin da ya kamata ragowar ta ƙare ya wuce, kana buɗewa za ka tarar tana jiran ka. Da gajiya ce zalla, da hutun ya warkar da ita. Sikelin ba ya komawa daidai sai an nuna masa abin da zai saita kansa a kai.

Wannan ma yana da ranar da yake zama maganar rai da mutuwa. Direban da ya yi awa guda yana gudun kilomita 120 a babban titin Kano zuwa Zariya, idonsa ya mayar da wannan gudu sifili. Da ya iso gari ya sauko zuwa 80 sai ya ji kamar rarrafe yake yi, alhali a gabansa akwai 'yan makaranta da masu tallan rake. Wani mai bincike a Birtaniya, G. G. Denton, ya yi aiki a kan wannan a shekarun 1970, daga aikinsa ne aka samo rawayen layukan da ake zanawa a gicciye kafin shataletale, tazararsu tana raguwa, domin direba ya ji kamar gudunsa ƙaruwa yake ya taka birki. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Bayan doguwar tafiya kimar tasa ta karkace, allurar da ke gaban sitiyari ce abin dogaro.

Launin da ya ƙi tafiya

Har zuwa tsakiyar ƙarnin jiya ana ɗaukar ragowar gani abin daƙiƙu ko mintuna. Sai a 1965 Celeste McCollough, malama a Kwalejin Oberlin a Amurka, ta wallafa wani gwaji mai sauƙi. Ana nuna wa mutum baƙaƙen layuka a kwance a kan ja, sai a sauya da baƙaƙen layuka a tsaye a kan kore, ana musanyawa na wasu mintuna. Bayan haka idan ya dubi farar takarda ba ya ganin komai. Amma a nuna masa layukan baƙi da fari, sai na kwance su yi kore-kore, na tsaye su yi ruwan hoda. Ya kwantar da kansa gefe ɗaya, launukan su yi musanya. Launin ya manne wa siffa.

Shekara goma bayan nan, a 1975, Jones da Holding suka ba da rahoton cewa kallon minti 15 yana iya barin tasirin da ake iya aunawa bayan wata uku da rabi, idan ba a yi ta gwada mutumin a tsakani ba. Abin da ke goge shi shi ne kallon layukan baƙi da fari, wucewar kwanaki kawai ba ta isa ba. Wasu masana suna ganin wannan wata dabara ce da ƙwaƙwalwa ke share kurakuran madubin ido da ita: idan wani launi ya nace yana bin gefen layukan da ke kwance, sai ta ɗauka laifin ido ne ba na duniya ba, ta rubuta gyara ta ajiye. Ni wannan bayanin ya kwanta mini, domin ya yi daidai da abin da na gani wajen gwaggo. Gyaran da aka yi saboda aibin da ke cikin ido bai kamata ya goge da sauri ba, tunda aibin ba ya tafiya da sauri.

Stephen Engel da Min Bao a Jami'ar Minnesota sun nuna a 2012 cewa agogunan nan suna aiki tare, ɗaya a kan ɗaya. Suka sa wa mutane wata na'urar kai mai kyamara da ke rage kaifin duk layin da ke tsaye, na awa huɗu. Ido ya saba. Sai suka mayar musu da gani na yau da kullum na minti 15, ragowar ta ɓace. Da aka ci gaba da aunawa sai ga ta ta sake ɓullowa da kanta. Gajeren gyara ne ya lulluɓe dogon na ɗan lokaci, da ya gushe na ƙasan ya fito.

Tabarau

George Stratton na Jami'ar Kalifoniya ya ɗaura wa idonsa ɗaya madubin da ke kifar da duniya, ya rufe ɗayan, ya yi kwana uku a haka a 1896, daga baya ya sake yin kwana takwas. Kwanakin farko jiri da tashin zuciya da miƙa hannu inda babu kofi. Wajen ƙarshe yana zirga-zirga a gida ba wahala. A Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, Theodor Erismann da Ivo Kohler suka sa wa mutane irin wannan tabarau na makonni, har wasu suka hau keke a cikin gari. An daɗe ana yaɗa cewa duniyar takan miƙe musu tsaf. Wani gwaji da David Linden da abokansa suka yi a Jamus a 1999, na kwana 6 zuwa 10, ya nuna hannu da ƙafa suna koyon aiki da sauri, amma sama tana nan a ƙasa. Sabo yana da iyaka, kuma jiki ya fi gani saurin miƙa wuya.

Ƙaramin wannan gwaji yana faruwa kullum a garuruwanmu. Mutum ya karɓi sabon gilashin ido, musamman mai gyara karkacewar gani ko mai hawa biyu na nesa da kusa, ya sa ya ga ƙasa ta tuɗe, bakin ƙofa ya lanƙwashe, matakala tana gudun ƙafarsa. Kwana biyu ya cusa shi a aljihu ya ce an cuce shi. Mafi yawan lokuta abin da ake buƙata kwanaki ne zuwa mako biyu na sawa a kai a kai. Idan ciwon kai da jiri suka wuce haka, sai a koma wurin wanda ya auna, domin kuskuren awo ma yana faruwa. Wanda ya daɗe da gilashi kuwa yana sawa yana cirewa ba ya jin komai, kuma an gwada dalilin. A 2020 Yanjun Li da Engel suka sa wa mutane jan tabarau awa ɗaya, sau biyar a rana, kwana biyar. Ranar farko duniya ta yi jajir da sawa. Zuwa rana ta biyar, suna sawa jan ya riga ya ragu tun daƙiƙun farko. Ido ya koyi yadda ake sabo, ya ajiye saiti biyu yana ɗauko wanda ya dace.

Har yanayin shekara yana taɓa sikelin. A 2015 masu bincike a Jami'ar York a Ingila suka sa mutum 67 su zaɓi rawaya tsantsa, wadda ba ta karkata ga ja ko kore ba, a watan Janairu da kuma Yuni. Zaɓin mutanen nan ɗaya ya gusa tsakanin lokutan biyu, kuma bayanin da suka bayar shi ne yawan koren ganye a lokacin zafi. Na karanta wannan na tuna yadda ƙasarmu take a watan Maris, ja da toka da ƙura, da yadda take a Agusta, da kuma yadda tsiron farko na damina ke dukan ido da wani kore da ba ya sake yi idan gero ya kai ƙugu.

Fuska ma haka

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na fuska. A 1999 Michael Webster da Otto MacLin suka nuna cewa idan mutum ya kalli hoton fuskar da aka matse tsakiyarta na ɗan lokaci, fuskar ainihi sai ta zame masa kamar an buɗa ta. A 2003 Gillian Rhodes da abokan aikinta a Ostireliya suka ƙara da cewa fuskar da mutum ke ganin ta fi kyau ita ma tana gusawa zuwa ɓangaren abin da ya saba kallo. An samu irin haka da siffar jiki, ƙiba da rama.

Mintuna kaɗan ke nan a ɗakin gwaji. 'Ya'yanmu kuwa awoyi suke yi kullum suna shafa fuskar waya, suna kallon fuskokin da manhaja ta goge wa ƙuraje, ta sirance hanci, ta ƙara wa haske. A ganina ba abin wasa ba ne yarinya ta ajiye waya ta dubi madubi ta ga fatarta ta yi mata duhu, hancinta ya yi mata faɗi. Faɗa da wa'azi ba za su gamsar da ita ba, domin ita gani take yi, kamar yadda gwaggo ta ga bula. Abin da binciken ke nunawa shi ne sikelin yana komawa ne da abin da aka nuna masa, don haka yawan zama da mutane ido da ido, a gida da makaranta da gidan biki, yana cikin maganin.

Mu koma ga yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu yanar ido ce kan gaba, kusan kashi 43 cikin ɗari na makafi. Ma'ana dubban tsofaffi ne za su bi ta inda gwaggo ta bi duk shekara, a manyan asibitocin ido na Kano da Kaduna da kuma sansanonin aikin ido na kyauta. Kowannensu ya cancanci a gaya masa tun kafin a cire bandeji cewa zai ga shuɗi, rana za ta yi masa ƙarfi, kuma hakan zai lafa cikin makonni zuwa watanni.

Na koma wurin gwaggo bayan Babbar Sallah, wata huɗu da aikin. Maganar bula ta mutu, ita da jikarta sun shirya. Na tambaye ta bango fa, ta ce fari ne mana, da wane launi ne? Sai ta ce in tsaya in ga wani abu da ta gano da kanta. Ta rufe idon hagu da tafin hannu ta dubi bangon. Ta sauke, ta rufe na dama, wanda aka yi wa aiki, ta daɗe tana kallo da na hagun.

"Da wannan kuwa kamar an watsa masa ruwan shayi," in ji ta. "Ashe haka na yi shekaru ina gani ban sani ba. Ɗan nan, ka tambayo mini likita yaushe za a yi ɗayan."